Tsuntsayen gonarka ba duka ne ɓarayi ba: abin da Dajin Falgore ke nuna wa manomin Kahu

Duk manomin da ya taɓa kwana da tunanin zangarniyar dawarsa ya san abin da kalmar tsuntsu ke nufi a ƙarshen damina. Ka yi sharar gona, ka yi huɗa, ka sayi taki da tsadarsa, ka yi noman farko da maimai, sai ƙwaya ta fara cika kuma a ce maka baƙi sun sauka tun da asuba. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a Kahu, ko Tarai, ko Rurum, ka ji mutum na cewa da za a share tsuntsaye daga doron ƙasa da ya huta.

To, ɗan'uwa, kafin ka ce amin, bari mu yi lissafi. A Najeriya akwai nau'in tsuntsaye fiye da 900. Cikin waɗanda kake gani a ƙasar Rano da Kibiya, masu yi wa hatsi ɓarna ta a-zo-a-gani 'yan kaɗan ne: jan-baki, da 'yan'uwansa masu saƙa sheƙa su rataye ta a reshe, da tsirya, sai kurciya da hasbiya masu tsince iri da abin da ya zube. Sauran kuwa, da yawansu fara suke ci, da tsutsa, da gara, da ɓera, da mushe. Aiki suke yi maka ba ka biyan su ko sisi.

Kuma ga abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Kowane tsuntsu yana da irin wurin da yake iya rayuwa, wurin kwana da wurin sheƙa da wurin kiwo. Yadda ka bar gonarka da kewayenta shi ke zaɓar wanda zai zauna kusa da kai. Gonar da aka share ƙwal, ba bishiya, ba shinge, ba ɗan kurmi a bakin rafi, ba ta korar mai cin hatsi, don shi daga nesa yake tasowa ya ci ya koma. Waɗanda take kora su ne masu cin ƙwari da ɓera, waɗanda ba sa iya zama sai da wurin fakewa.

Dajin da ke kudu da ku

Kudu da Kibiya, a ƙasashen Tudun Wada, Doguwa da Sumaila, akwai Dajin Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa ta cikinsa. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi a matsayin gandun daji da sunan Kogin Kano, a 1969 kuma aka mai da shi wurin kare namun daji. Faɗinsa ya kai wajen hekta 92,000, yana kuma maƙwabtaka da dajin Lame-Burra na Jihar Bauchi. Ƙungiyar BirdLife, mai kula da lamarin tsuntsaye a duniya, ta sa su biyun cikin jerin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye.

Yawancinmu da labarin ɓarayin shanu da masu tare hanya muka san Falgore, ba da tsuntsaye ba. Amma mai noman rani ya kamata ya san cewa ta cikin dajin nan Kogin Kano yake biyowa kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma ita ke shayar da gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Itatuwan dajin su ke riƙe ƙasa kada ta zaizaye ta cike madatsar da yashi.

Abin da ke sa daji irin wannan ya tara tsuntsaye kala-kala ba girmansa kaɗai ba ne. Wurare ne iri-iri a haɗe, kowanne da mazaunansa. A dajin doka da marke, inda akwai manyan itatuwa masu kogo, nan cilakowa ke sheƙa: macen ta shiga kogon, a liƙe bakinsa a bar 'yar kafa, namijin ya riƙa miƙo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Irin wannan daji ne kuma gidan burtu, wanda maharba ke ɗaura kansa a goshi don su yaudari namun daji. Burtu ɗa guda yake rayarwa a sheƙa, kuma sai da ƙaton kogo, don haka da an sare tsofaffin itatuwa shi ne kan gaba wajen ɓacewa. A kurmin bakin rafi, inda kanya da ɓaure da maɗaci ke yin duhuwa ko da rani, nan masu cin 'ya'yan itace suke, su ne kuma ke kai irin itatuwan wani wuri a cikin kashinsu. A kan duwatsu akwai kazar dutse da hasbiya da shaho. A cikin gamba da sauran dogayen ciyayi akwai zabon daji da fakara da ragon maza. A bakin ruwa kuma, kamar gaɓar Tiga, ga zalɓe, ga kirinjijiya, ga dinya, ga zakaran ƙeƙuwa. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ka ɗauke gidan, kukan ma ba za ka ƙara ji ba.

Yanzu ka dubi gonar gargajiya ta kudancin Kano, irin wadda ka gada. Ɗorawa a nan, kaɗanya a can, kuka a kusurwa, tsamiya a bakin hanya, gawo a tsakiya, shingen magarya ko kalgo a kan iyaka, ga fadama a gangare, ga dutse a bayan gari. Duk abin da ke Falgore akwai ɗan samfurinsa a nan. Iyayenmu ba don tsuntsaye suka bar waɗannan itatuwa ba, don kalwa da man kaɗe da miyar kuka da abincin dabbobi suka bar su. Amma ma'aikatan da ba a biya sun samu masauki a ciki.

Su wane ne ma'aikatan?

Fara da shamuwa, wadda kowa ke murnar gani don ita ke shelar damina. Tana zuwa ƙasarmu ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, idan ruwa ya ɗauke kuma ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Abincinta fara ne da tsutsa da sauran manyan ƙwari, kuma lokacin da take ciyar da 'ya'yanta ya zo daidai da lokacin da shukarka ke ƙarama, fara ke iya cinye ta cikin 'yan kwanaki. Garin da ya sare rimi da kuka da tsamiyar da shamuwa ke sauka, ya sallami mai gadi ne da hannunsa.

Balbela kuwa ka san ta a bayan shanu da bayan garma. Mutane da yawa na zaton kaska take ci a jikin saniya, alhali abin da take bi shi ne fara da ƙwarin da ƙafar saniya ko bakin garma ke tayarwa. Mai cin kaska shi ne carki, ko da yake shi ma yana da nasa laifin, don yakan tsaga gyambon dabba ya hana shi warkewa. Tsattsewa a sama take kamun ƙananan ƙwari tun safe har magariba, da dare kuma yautai ya karɓi aikin. Tsanwaka, shuɗin tsuntsun nan mai zama a kan busasshen reshe ko wayar lantarki, jira yake ya hango fara a ƙasa ya faɗa mata. Akwai kuma ƙananan baƙi da ke tasowa daga Turai, su tsallako hamada wajen watan Satumba da Oktoba, su yi rani tare da mu, su koma a Maris da Afrilu. Da yawansu ƙwari zalla suke ci, kuma a gonakin rani da kan gawo za ka same su.

Kada a yi maka ƙarya, tsuntsaye kaɗai ba za su kashe maka annobar tsutsa ba. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Najeriya a 2016 tana ɓuya a cikin zuciyar masara, inda bakin tsuntsu ba ya kai wa da sauƙi. Aikin tsuntsaye shi ne rage ƙwari kullum-kullum tun suna kaɗan, su da gizo-gizo da cinnaka da zanzaro. Sai ranar da babu su ake gane nauyin da suke ɗauka. Ƙasar Sin ta gwada. A 1958 gwamnatinta ta sa jama'a su kashe gwara saboda tana cin hatsi, aka kashe miliyoyi. Fara da sauran ƙwari suka samu sake, suka auka wa gonaki, abin ya ƙara wa yunwar da ta biyo baya muni. A 1960 dole aka janye umarnin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai mujiya. Na san abin da za ka ce. A garuruwanmu idan ta yi kuka a kan soro sai a ce wani zai mutu, yara su bi ta da jifa. Wannan camfi ne, kuma camfi ne mai tsada. Farar mujiyar nan mai faffaɗar fuska, wadda ke kwana a kogon kuka da tsofaffin gine-gine, kusan ɓera kaɗai take ci. Mace da namiji masu 'ya'ya suna iya kama ɓeraye dubu biyu ko fiye a shekara. Ka tuna ɓarnar ɓera a gonar shinkafa, da gyaɗar da aka tuge aka bari ta bushe, da cikin rumbu, sannan ka sake duban wannan lissafi. A Malesiya manoman kwakwar manja da na shinkafa akwatuna suke kafa wa mujiya a kan sanduna don ta zauna musu a gona. Haka ma manoman kwarin Kogin Urdun sun daɗe suna yi, kuma sun rage sayen gubar ɓera sosai.

Akwatin ba wani abin wahala ba ne, kafintan garinku zai iya. Katako ne, tsawonsa kamar santimita 60, faɗi da zurfi kamar 45, da ƙofa mai faɗin santimita 13 zuwa 15 a can sama, don kada 'ya'yan su faɗo tun ba su yi fiffike ba. A zuba ɗan ɓuntun katako a ciki, a ɗora shi a kan sanda ko bishiya, mita uku ko fiye daga ƙasa. A ƙasarmu zafi ne babban abokin gaba, don haka a sa shi a inuwa, kada a yi masa rufin kwano tsirara, kada kuma ƙofar ta kalli rana ta yamma. Wani akwatin sai ya shekara ba a shiga ba, sai an yi haƙuri. Amma fa da sharaɗi guda: ba a haɗa mujiya da gubar ɓera. Ɓeran da ya ci guba yakan yi ta layi a fili, shi mujiya da shirwa da kyanwar gida za su fara ɗauka, su ma su bi shi.

Ungulu kuma, yaushe rabonka da ganin ta a kwata ko bayan kasuwa? Dattawa za su gaya maka da can ba a yanka dabba ba ta sauka ba. Yau ta yi wuyar gani a yawancin garuruwan Arewa. A 2015 aka sa irin wadda muka saba da ita cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. A Najeriya babban abin da ke cin ta shi ne masu kama ta don sayar wa masu tsibbu, sai kuma mushen da ake sa wa guba don kashe karnuka ko dila, wanda ungulu da yawa kan taru a kansa su mutu a wuni ɗaya. Indiya ta ga ƙarshen wannan hanya. Daga shekarun 1990 ungulayenta suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, saboda maganin ciwon jiki na diclofenac da ake yi wa shanu, wanda ke lalata ƙodar ungulu idan ta ci mushen. Kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, mushe ya riga ya yi yawa a fili, karnukan sake sun ƙaru, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Idan kana kiwo, kada ka yi wa dabba wannan allura da ka, ka nemi likitan dabbobi. Wadda ta mutu bayan an yi mata allura kuma a binne ta da zurfi.

Ba kowace bishiya ba ce

A nan akwai abin da ya kamata masu rabon dashe su sani. Wasu masu bincike daga ƙasar Holan sun shafe shekaru suna ƙirga tsuntsaye bishiya-bishiya a faɗin yankin Sahel. Sun tarar cewa masu cin ƙwari a 'yan itatuwa ƙalilan suke taruwa, galibi masu ƙaya, irin su gawo da aduwa da danginsu. Darbejiya da turare kuwa kusan ba kowa a kansu. Bayanin da suka bayar mai sauƙi ne: itacen da ke kare kansa da ƙaya bai cika sa ɗaci ko guba a ganyensa ba, don haka ƙwari na samun abin ci a kansa, tsuntsu kuma ya samu ƙwari. Darbejiya da ɗaci take kare kanta. Tana da inuwa, tana tare iska, ana magani da ita, ba wanda ya ce a sare ta. Amma wanda ya sare gawo goma ya dasa darbejiya goma bai mayar da abin da ya ɗauka ba.

Gawo dai ka san halinsa. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, dawar da ke ƙarƙashinsa ta fi ta gefe kyau. Da rani kuma, lokacin da kowa ya bushe, shi yake kore, dabbobi su samu 'ya'yansa, tsuntsaye su samu wurin kiwo. Ba sai ka sayi dashe ba. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture: a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a riƙa gyara su kowace shekara. Sassaben zamani suke kiran abin. Da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa a gonaki wajen hekta miliyan 5 a Nijar, a ƙasar da ruwanta bai kai na Kibiya ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, bishiya na da nata kuɗin. Layukan dawa da ke kusa da ita sukan fi shan ɓarna, don a nan masu cin hatsi ke hutawa su sauko. Idan masu saƙa suka kafa gari guda a bishiyar da ke tsakiyar gonar shinkafa ko gero, za ka ji a jikinka. Maganin wannan shi ne a rage rassan da suke rataya sheƙa tun suna fara saƙa, ko a shuka gyaɗa, wake ko rogo a gindin, a matsar da hatsi gaba. Kauci ma tsuntsaye ne ke yaɗa shi, suna cin 'ya'yansa su goge iri mai danƙo a reshen ɗorawa ko kaɗanya. Ka riƙa duba itatuwanka da rani, ka sare reshen da ya kama tun bai yaɗu ba.

Jan-baki

Yanzu mu zo kan mai laifin na gaske. Jan-baki ɗan mitsitsi ne, nauyinsa kamar giram 20. Ƙarfinsa a yawa yake, sarkin yawa kuwa ya fi sarkin ƙarfi. Ana ɗaukar sa a matsayin tsuntsun daji mafi yawa a duniya, kuma a Afirka kaɗai yake. Ƙiyasin da aka fi ambato shi ne kowane ɗaya na iya ci ko ɓarnatar da kusan giram 10 na hatsi a rana. Garke mai miliyan biyu ke nan zai iya tashi da tan 20 kafin rana ta faɗi. A kwarin Kogin Senegal, inda ake noman shinkafa irin na Kadawa, an ƙiyasta asarar da tsuntsaye suka jawo daga 2003 zuwa 2007 da kusan kashi 13 cikin 100 a shekara.

Amma ka san asalin abincinsa ba hatsinka ba ne? Ƙwayar ciyawar daji ya fi so. Yana juyowa kan gero da dawa da shinkafa da alkama ne idan ta daji ta ƙare, ko ta tsiro bayan ruwan farko, ko kuma ya tarar da gona ita kaɗai ta nuna a fili. Yana buƙatar ruwan sha kullum, da wurin kwana mai duhu a kan ruwa ko cikin ƙaya. Nan ne labarin Tiga ya sake shigowa. Kafin a gina ta, da madatsar Challawa da ta biyo baya a 1992, fadamun Haɗeja zuwa Nguru ambaliya suke yi da damina su bushe da rani. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, sai kachala ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki. Kachala kuwa ita ce ɗakin kwanan jan-baki. Manoman Jigawa da Yobe sun fi kowa sanin wannan. Ba wanda ya gayyaci tsuntsun, wurin ne ya canja ya dace da shi. Duk magudanar ruwa ko kududdufin da kuka bari kachala ta cika a yankinku, masauki kuka gina masa.

Shekara da shekaru ana yi masa feshi da jirgin sama a ƙasashen Afirka, galibi da guba mai suna fenthion, a wurin kwanansa da wurin sheƙarsa. Feshin na iya ceton gonakin da ke kusa a wannan kakar, amma bai rage yawansa a nahiyar ba, don yana hayayyafa da sauri kuma yana ƙaura. Gubar kuma ba ta tantancewa: shaho da shirwa da mujiya da suka ci gawarsa su ma mutuwa suke yi. Idan hukuma ta yi feshi kusa da ku, kada a bar yara su tsinci tsuntsayen a soya, kada a kai dabbobi kiwo ko shan ruwa a wurin sai malaman gona sun ce an iya. Wanda aka kama da raga, kamar yadda masu sana'ar ke yi a ƙasar Chadi suna kai wa kasuwa, wannan nama ne mai kyau. Wanda guba ta kashe ba abinci ba ne.

Abin da ke hannunka ya fi feshi tasiri a gonarka, kuma yawancinsa kafin tsuntsun ya iso ake yin sa. Na farko shi ne lokacin shuka. Gonar da ta riga kowa nuna, ko ta yi saura bayan kowa ya girbe, ita ke ɗaukar garken duka. Idan manoman fadama ɗaya suka shuka cikin mako ɗaya ko biyu, da iri mai kwanaki kusan ɗaya, ɓarnar za ta rarrabu, kowa ya ji kaɗan. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a ganina shi ne abu mafi amfani da ƙungiyar manoma za ta iya zartarwa a zamanta na kafin damina.

Sai ciyawa. Wani gwaji da cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice ta yi a Senegal ya nuna gonar da ba a cire wa ciyawa ba ta fi jan tsuntsaye. Ƙwayar ciyawar ce ke kiran su tun shinkafa ba ta nuna ba, idan sun saba da wurin kuma sai su zarce kan shinkafar. Ka ga ashe noman da ka yi sakaci da shi a tsakiyar damina shi ke dawo maka da fiffike a kaka.

Irin da ka zaɓa ma yana da tasiri. Gero mai gashi, wanda wasu ke kira gargasa, da shinkafa mai tsini a bakin ƙwaya, da dawa mai sunkuyar da kai ko mai kauri a ɓawo, duk sun fi wahalar ci. Ba sa hana ɓarna idan yunwa ta yi wa tsuntsu yawa, amma idan yana da zaɓi zai wuce gaba. Da amfani ya nuna kuma a girbe, kada a bar dami a gona kwana da kwanaki.

Kora kuwa har gobe ita ce dai. Daga lokacin da ƙwaya ta fara ruwa-ruwa har zuwa girbi ake tsaro, kuma da sassafe da la'asar suka fi sauka, da tsakar rana suna inuwa kusa da ruwa. Mutum-mutumi da gwangwani a igiya da leda mai ƙyalli suna aiki na 'yan kwanaki ne kawai, daga nan tsuntsu ya gane ba komai, har ya sauka a kan mutum-mutumin. Sai ana canja musu wuri, kuma sai da mutum mai motsi da majajjawa. Ƙungiya na iya ɗaukar matasa ta biya su su yi tsaro bi da bi, maimakon a cire yara daga makaranta wata guda. Ƙaramin fili mai daraja, kamar gonar iri, ana iya rufe shi da raga gaba ɗaya. Amma ragar da ake kafawa a tsaye a bar ta dare da rana, wannan kowa take kamawa, har mujiya da tsattsewa. Idan kun gano inda babban garke ke kwana, ku sanar da malamin gona na KNARDA da wuri.

Abu ɗaya da nake roƙon ka bari shi ne jiƙa hatsi da guba a watsa a gona. Furadan da irinsa ƙwaya kaɗan ke kashe tsuntsu, kuma Tarayyar Turai da Amurka sun hana amfani da shi a kan amfanin gona. Jan-baki idan hatsi ya nuna a kan zangarniya ya fi ci, ba shi zai fi tsintar na ƙasa ba. Masu tsinta su ne zabon daji, da fakara, da kurciya, da zabbin maƙwabcinka da kajin matarka, daga nan kuma sai duk wanda ya ci naman. Irin da aka wanke da magani ma a rufe shi da ƙasa sosai, wanda ya zube a bakin gona a kwashe.

Mai kaji kuma ya kula da wani abu daban. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a farkon 2006, Kaduna da Kano na cikin wuraren da ta fara yi wa ɓarna, kuma tsuntsayen ruwa na iya ɗauke da ita. Idan gidanka na kusa da Tiga ko wani tafki, kada kajinka da agwaginka su riƙa cuɗanya da na daji, kada a ba su ruwan tafkin kai tsaye. Idan ka ga tsuntsaye sun mutu da yawa a wuri ɗaya, kada ka taɓa, ka kai rahoto ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Ku fara rubutawa

Masu nazarin tsuntsaye, irin na cibiyar APLORI da ke Jami'ar Jos, hanyar da suke bi don sanin wane tsuntsu ke amfani da wane wuri ba ta fi ƙarfin ƙungiyarku ba. Ku zaɓi wurare huɗu ko biyar da suka bambanta: gona mai itatuwa, gonar da aka share, bakin rafi, gindin dutse, fadama. Mutum ya tsaya a kowanne da sassafe, minti goma, ya rubuta duk irin da ya gani ko ya ji kukansa, da sunan da kuka san shi da shi. Ku haɗa dattijo ko tsohon maharbi da yaro mai iya rubutu, ɗaya ya faɗa ɗaya ya rubuta. A yi haka sau ɗaya a wata, a wuraren nan dai, a lokaci ɗaya.

A littafin kuma a ware shafi don ranar da shamuwa ta fara sauka, da ranar da aka fara ganin garken jan-baki, da ɓangaren da ya fito, da inda ya nufa da magariba, da gonakin da ya fi yi wa ɓarna da ranar da aka shuka su. Bayan damina biyu ko uku za ku iya cewa ga makon da ya saba zuwa, ga kududdufin da yake kwana, ga irin da ya fi so. Da wannan za ku tsayar da ranar shuka ta baɗi, da wannan kuma za ku je wurin malamin gona ko hukumar kogin Haɗeja da Jama'are idan kuna neman a zo a share kachala.